Albashi da Yanayin Aikin Matuƙa Jiragen Sama a Ƙasashen Duniya

Aikin matuƙin jirgin saman fasinja iri ɗaya ne a ko'ina, domin samfurin Boeing 737 da ke tashi daga Kano shi ne ke tashi daga Dublin ko Dallas. Amma abin da matuƙin ke samu a ƙarshen wata da hutun da doka ta tanadar masa sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Adadin albashi kaɗai ba ya nuna wanda ya fi wani morewa, sai an haɗa da haraji, da sa'o'in aiki, da kuɗin horo, da kuma tabbacin ɗorewar aikin.

Ƙa'idojin bai ɗaya

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ce ke shimfiɗa ƙa'idojin da ƙasashe ke gina dokokinsu a kai. Ta ƙayyade shekara 65 a matsayin iyakar shekarun matuƙin da ke jigila tsakanin ƙasashe. Haka kuma wajibi ne likita ya duba lafiyar matuƙi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ciwon zuciya ko raunin gani na iya raba shi da lasisinsa. ICAO ba ta yanka wa kowa albashi. Wannan tsakanin kamfani ne da ma'aikatansa.

Amurka

Matuƙan Amurka na cikin waɗanda suka fi kowa albashi. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar na 2023 sun nuna matsakaicin abin da matuƙin kamfanin jirage ke samu ya haura dala 200,000 a shekara. A shekarar ce matuƙan kamfanin Delta suka amince da yarjejeniyar ƙarin kashi 34 cikin 100 a tsawon shekara huɗu. Ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago irin su ALPA, wadda aka kafa a 1931, na daga cikin dalilan hakan.

Sai dai shiga aikin na da wuya. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a 2009, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 50, an wajabta wa galibin sababbin matuƙa tara sa'o'in tuƙi 1,500 kafin kamfanin fasinja ya ɗauke su. An kuma tanadi hutun aƙalla awa 10 kafin kama aiki, da iyakar sa'o'in tuƙi 1,000 a shekara. Ƙarin girma da zaɓen ranakun hutu duk sun dogara ne da daɗewar mutum a kamfani, don haka kyaftin ɗin da ya sauya sheƙa yakan koma ƙasan layi ko da ya shekara 20 yana tuƙi.

Turai

A Tarayyar Turai, matashi na iya zama mataimakin matuƙi da sa'o'in tuƙi kimanin 200, amma sau da yawa shi ne ke biyan kuɗin horonsa, wasu da bashin banki. Doka ta taƙaita tuƙi ga awa 900 daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Tsofaffin kamfanoni irin su Lufthansa da Air France suna da albashi mai tsoka da fansho, ko da yake haraji na cin kaso mai yawa. A wasu kamfanonin masu arhar tikiti kuwa, an daɗe ana ɗaukar matuƙa ta hannun 'yan kwangila. Kamfanin Ryanair bai amince da ƙungiyoyin matuƙa ba sai a watan Disamba na 2017.

Yankin Gulf da Asiya

Kamfanonin Emirates da Etihad da Qatar Airways suna jan matuƙa daga sassan duniya da albashin da ba a cire masa haraji, ga gida ko kuɗin haya, ga tallafin karatun yara. A ɗaya ɓangaren, baƙin ma'aikata ba su da ƙungiyar ƙwadago, kuma izinin zama a ƙasar yana rataye ne da aikin. Lokacin annobar korona a 2020, da dama daga waɗanda aka sallama dole suka tattara iyalansu suka koma gida.

A China, bunƙasar sufurin sama ta sa a wajajen 2016 wasu kamfanoni suka riƙa tallata albashin da ya kai dala 300,000 a shekara ga ƙwararrun kyaftin daga ƙetare. Japan kuwa, saboda ƙarancin matuƙa, ta ɗaga shekarun ritaya zuwa 67 a 2015.

Najeriya

Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana yaye matuƙa, hukumar NCAA kuma ita ce ke ba da lasisi. Babbar matsalar ita ce kasuwar matuƙa da dala take ciniki, alhali kamfanonin cikin gida da naira suke sayar da tikiti. Duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda aka gani tun daga 2023, albashin matuƙi yakan zube idan aka auna shi da na takwarorinsa na waje. Shi ya sa ƙwararru ke neman aiki a ƙetare, yayin da sababbin da suka kammala horo da kuɗi masu yawa ke fama da neman kamfanin da zai ba su damar tara sa'o'in tuƙi.