Yawo da baƙi a Obuasi, garin da ba a ganin zinariyarsa

Duk baƙon da ya sauka a Obuasi, daga Accra ya fito ko daga Landan, tambayarsa ta farko ɗaya ce: ina za a kai shi ya ga zinariya? Mu da muka daɗe a sana'ar yawo da baƙi mun saba da tambayar, mun kuma saba da yadda fuska take sauyawa idan an ji amsa. Zinariyar Obuasi tana can ƙarƙashin ƙasa, zurfin da ya haura kilomita guda, a maƙale cikin dutse, kuma sau da yawa ko an miƙa maka dutsen a hannu ba za ka ga wani ƙyalli ba. A sama kuwa sai waya da masu gadi da ƙofar da ba ta buɗewa sai da katin shaida. Don haka aikinmu tun farko shi ne nema wa baƙo abin da zai kalla a madadin abin da ya kawo shi. Ni ɗan zango ne, mahaifina aikin rami ya yi, ni kuma da tuƙa baƙi na fara kafin in koma yi musu jagora.

Mutanen Adansi, yankin da Obuasi take ciki, sun daɗe suna haƙar zinariya a wannan daji kafin Bature ya san da shi. Amma garin da muke ciki yau ya samo asali ne daga wasu 'yan kasuwa Fante, Joseph Ellis da Joseph Biney, waɗanda suka karɓi izinin haƙa daga hannun sarakuna wajen 1890. Daga wurinsu Edwin Cade ya karɓa, ya kafa kamfanin Ashanti Goldfields a Landan a 1897. Kafin jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1902, a kan mutane ake ɗauko ƙarafan injina guntu-guntu daga bakin teku. Zuwan jirgi ne ya kawo baƙi na farko, wato injiniyoyi da wakilan masu hannun jari da jami'an mulkin mallaka, kuma saboda irinsu aka fara tanadin wurin shaƙatawa.

An tsara wannan shaƙatawa ne bisa muƙami da launin fata. Gidajen Turawa suna kan tudu inda iska take, kulob ɗinsu yana kusa, da filin tanis da na kurket da na golf. Baƙar fata yana shiga ne a matsayin kuku ko boyi ko mai ɗaukar jakar sanduna. Ko bayan samun 'yancin kai a 1957 katangar ba ta rushe nan take ba, sai dai ta tashi daga launin fata ta koma kan matakin albashi: manyan ma'aikata da kulob ɗinsu, ƙanana da nasu. Filin golf ɗin yana nan har gobe, kuma shi ne koren fili mafi kyau a garin. Da yawa daga cikin 'yan garin da suka ƙware a wasan, ta ɗaukar jaka suka koya, suna kallon yadda maigida yake riƙe sanda.

A gangare kuwa akwai wata irin karɓar baƙi da ta girmi kulob. Yawancin masu shiga rami a farkon ƙarnin da ya wuce 'yan arewa ne da 'yan ƙasashen Faransi: Mosi, Dagarti, Farafara, Zabarmawa, Hausawa, kuma Hausa ce ta haɗa bakinsu a zango. Wanda ya iso gari ba shi da kowa, wurin Sarkin Zango ake kai shi, a haɗa shi da maigidan da zai ba shi ɗaki da tuwo har ya sami aiki, kamar yadda aka saba yi wa fataken goro a Salaga da Kumasi. Dattawa sun ba mu labarin kokawar yammacin Lahadi, da darar da ake bugawa a gindin bishiya, da kiɗan da ake kwana ana yi idan an biya albashi. Babu wanda ya kira wannan yawon buɗe ido, amma a nan irina suka koyi abin da ake yi wa baƙo: ka tarbe shi a tasha, ka ciyar da shi, ka nuna masa inda zai bi da inda ba zai taka ba.

Wani abin da baƙin da suka riga mu suka riƙa tambaya a kai shi ne duwatsun da suka kewaye garin. Ƙasar kurmi ce, amma wasu tuddan sun yi shekaru tsirara. Dalili kuwa shi ne dutsen zinariyar nan yana ɗauke da asanik da farar wuta, kuma a da gasa shi ake yi kafin a tace, hayaƙin ya sauka a kan itatuwa ya ƙone su. A 1994 aka buɗe matatar Sansu, inda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke cinye abin da ya lulluɓe zinariyar a cikin manyan tankuna. Ɗalibai da injiniyoyi sun yi ta zuwa kallonta daga ƙasashe daban-daban. Wanda ya sami izini a wancan zamani akan ba shi hular kwano da takalmi da fitila, wani lokaci har a saka shi a keji a sauke shi rami. Na ga manyan mutane sun fito daga kejin nan suna salati, sun jiƙe sharkaf da gumi.

Amma abin da ya fi kowane abu jawo baƙi garin nan ƙwallo ce. Ma'aikatan kamfani ne suka kafa ƙungiyar Goldfields a 1978, kuma ba ta zama abin tsoro ba sai da Sam Jonah, wanda ya tashi a Obuasi, ya zama shugaban kamfanin a 1986. Zamanin kuɗi ne. An buɗe filin wasa na Len Clay a 1990, hannun jarin kamfanin ya shiga kasuwar Landan a 1994, ya shiga ta New York a 1996. Ɗan wasan Goldfields yana da albashi a ƙarshen wata da gida da asibiti, alhali takwarorinsa a wasu ƙungiyoyi suna jiran abin da mai kulob zai zaro daga aljihu. Da aka mayar da gasar Ghana ta ƙwararru a 1993, Goldfields ce ta ɗauki kofi uku na farko a jere, har zuwa 1996. Wanda ya san yadda Asante Kotoko da Hearts of Oak suka mayar da kofin nan kamar gadon gidansu zai gane girman abin.

Ranar da Kotoko za ta zo, tun da hantsi hanyar Kumasi take cika da motoci masu jajayen tutoci. Tafiyar kilomita sittin ce ko kusa da haka, don haka mutum yakan zo ya koma a yini guda, amma da yawa sukan kwana, musamman idan an ci su. Abin dariya ma, rabin mutanen Obuasi 'yan Kotoko ne a zuci, saboda haka a gida ɗaya sai ka sami wa da ƙane a ɓangarori biyu na fili. Masu tsire da masu waken shinkafa da masu koko da ƙosai na zango sukan yi cinikin mako a rana ɗaya. Mu direbobi kuwa ba ma ko kashe inji.

Ƙololuwar abin ita ce 1997, shekarar da aka sauya fasalin gasar zakarun Afirka aka shigo da wasannin rukuni. Goldfields ta kai wasan ƙarshe da Raja ta Kasabalanka. Mun ci ɗaya da nema a gida, suka rama ɗaya da nema a Maroko, aka je bugun fenareti suka yi nasara da ci 5 da 4. Har yau idan tsofaffin magoya baya suka zauna, wannan bugun ne ake maimaitawa, kowa da wanda yake ɗora wa laifi.

Daga nan sai abubuwa suka fara ja da baya, kuma ƙwallo da rami tare suka gangara. A 2004 kamfanin ya haɗe da AngloGold ta Afirka ta Kudu, ƙungiyar ta koma AshantiGold. A 2014 aka sallami dubban ma'aikata saboda ramin ya daina kawo riba. Ikon Allah, a tsakiyar wannan ƙunci ne ƙungiyar ta sake ɗaukar kofi a 2015 a hannun koci Bashir Hayford, kuma ban taɓa ganin murnar da ta haɗu da hawaye irin ta ranar ba. A 2016 masu galamse, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suka kutsa cikin harabar kamfani, aiki ya tsaya cak sai gadi da kula da injina. Masaukai suka zama kango, masu tasi suka koma Kumasi da Tarkwa. Ƙungiyar ma daga baya ta fita daga hannun kamfani ta koma hannun ɗan kasuwa.

Abin da ya faru a watan Yulin 2021 duniya ta gani a waya. AshantiGold ta ci Inter Allies 7 da nema, biyu daga ciki ɗan bayan Inter Allies ne, Hashmin Musah, ya zura su a ragarsu da gangan, ya kuma ce ya yi haka ne don ya ɓata lissafin masu caca da suka tsara wasan ya tashi 5 da 1. A 2022 hukumar ƙwallon Ghana ta jefa ƙungiyoyin biyu rukuni na uku. A ganina asarar da garin ya yi a nan ta wuce ta ƙwallo. Kowace Lahadin wasa a gida kasuwa ce ta mai abinci da mai masauki da mai mota, kuma babu wanda ya lissafa da su sa'ad da ake yanke hukunci, ko sa'ad da ake ƙulla abin da ya jawo hukuncin.

Shekarun da rami ya tsaya ne suka koya mana fita da baƙi bayan gari. Fomena tana nan kusa, kuma sunanta yarjejeniyar 1874 take ɗauke da shi, wadda aka ƙulla bayan Wolseley, kwamandan sojojin Ingila, ya ƙone Kumasi, aka ɗora wa Asante tarar oza 50,000 ta zinariya. Idan baƙon Bahaushe ne nakan ƙara masa da cewa a yaƙin nan akwai sojojin Hausa da Kyaftin Glover ya jagoranta ta gabas. Wasu sukan yi alfahari, wasu su yi shiru, ni dai ba na ɓoye wa kowa.

Tafkin Bosomtwe shi ne wurin da ban taɓa kai mutum ya yi da-na-sani ba. Wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin sama kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin da ruwa ya cika, faɗinsa wajen kilomita 8, tuddai sun kewaye shi ta ko'ina. Asantawa suna girmama shi, suna cewa nan rayukan matattu suke zuwa sallama. Masunta har yanzu a kan wani faffaɗan katako suke zama, wanda suke kira padua, suna tuƙawa da hannu. A 2016 UNESCO ta saka yankin cikin wuraren da take karewa. Ta ƙauyen Abono aka fi sauka. Ranar hutun ƙasa wurin yakan cika da samari da manyan lasifiku, don haka mai son natsuwa ya zo a tsakiyar mako.

Zinariyar da baƙo yake nema kuwa a Kumasi take, a gidan tarihi na fadar Manhyia da aka buɗe a 1995. A 2024 aka dawo da kayan sarauta 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan, kuma aro aka bayar, ba mayarwa ba, abin da har yanzu yake ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Idan aka dace da ranar bikin Akwasidae, wadda take zagayowa duk bayan mako shida, baƙo zai ga Asantehene, sarkin Asante, ya fito zaman fada da zinariya a hannu da wuya da ƙafa. A nan ne yawancin baƙina suke cewa sun ga abin da suka zo gani.

Akwai wasu baƙin da nake jin nauyinsu, masu cewa a kai su ramin galamse su ɗauki hoto. 'Yan jarida da masu bincike suna da hujjarsu, amma wasu sha'awar kallon wahala ce kawai take kawo su. Yaran da suke cikin ramukan nan 'ya'yan maƙwabtanmu ne, suna wasa da sinadarin makuri da hannu, rami yana rufta musu, kuma a watan Janairun 2025 sojoji sun harbe aƙalla bakwai daga cikinsu a harabar ma'adinin. Ba na kai kowa can sai da yardar masu wurin, ba kuma a ɗaukar fuskar kowa.

Sau da yawa akan tambaye ni me ya hana Obuasi zama kamar Gold Reef City ta Johannesbag, inda ake sauke 'yan yawon buɗe ido cikin tsohon rami, ko Sovereign Hill ta Ballarat a Ostireliya, wadda tun 1970 take sa baƙi tankaɗe yashi a faranti suna neman ƙwayar zinariya. Amsar ita ce waɗancan ramuka sun mutu kafin a buɗe su ga 'yan kallo. Namu yana da rai. An farfaɗo da shi a 2019, aka zuba zinariyar farko a watan Disamba na shekarar, kuma sabon aikin na injina ne, ma'aikata kaɗan, tsaro mai yawa. Kamfanin da yake fasa dutse da nakiya ba zai so yara 'yan makaranta suna yawo a kusa ba, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Sai dai akwai tsofaffin hasumiyoyin bakin rami da tashar jirgin ƙasa da gidajen katako na zamanin Turawa waɗanda ba sa cikin aikin yau, kuma tsatsa da gara ba sa jiran kowa. Tsofaffin 'yan rami da za su iya tsayawa gaban baƙo su ba da labari da bakinsu su ma suna ta raguwa.

Baƙin da suka fi yawa a hannuna yanzu iyaye ne. Tun da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe reshe a Obuasi a 2019, kowane farkon zangon karatu sukan zo kawo 'ya'yansu, su kwana ɗaya ko biyu. Nakan zaga da su ta gefen filin golf da Len Clay, mu ci tuwon zafi a zango, washegari idan hanya ba ta ɓaci da ruwan sama ba mu wuce Bosomtwe, daga can su kama hanyar Kumasi.