Zauren Cameron da Hikimar Ƙin Faɗaɗa Shi

Ranar 6 ga Janairu 1940 Jami'ar Duke da ke Durham, a jihar North Carolina ta Amurka, ta buɗe sabon zauren wasanninta da karawa da Princeton a ƙwallon kwando, ta kuma yi nasara da maki 36 da 27. Ginin ya ci dala 400,000, da kujeru kusan 8,800, kuma a lokacin babu irinsa a kudancin ƙasar. Julian Abele, wanda ya zana shi, baƙar fata ne daga Philadelphia, alhali jami'ar ba ta fara ɗaukar ɗalibai baƙar fata ba sai farkon shekarun 1960, kuma bai kamata tarihin ginin ya tsallake wannan ba. A 1972 aka raɗa wa zauren sunan Eddie Cameron, tsohon kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar kuma daraktan wasanninta.

Abin da ya ɗaukaka zauren shi ne Duke ta ƙi rushe shi. Yau kujerunsa 9,314 ne kawai, yayin da maƙwabciyarta, Jami'ar North Carolina, ta koma zaure mai kujeru sama da 21,000 a 1986. A Cameron, layukan da ke dab da filin na ɗalibai ne, har hannayensu kan kusa taɓa ɗan wasan baƙi idan ya zo jefa ƙwallo daga gefe. Tun 1986 sukan kafa tantuna a waje cikin sanyin hunturu don samun wuri ranar karawa da North Carolina. A nan koci Mike Krzyzewski ya gina ƙungiyoyin da suka ɗauki kofin ƙasa na jami'o'i sau biyar tsakanin 1991 da 2015, kuma 'yan matan ƙwallon raga ma a wannan daɓen katako suke wasa.

Masu suka na cewa jami'ar na asarar kuɗin tikiti, kuma ƙarancin kujeru ya sa farashi ya fi ƙarfin talakan Durham. Magana ta biyu gaskiya ce, kuma tana da ciwo. Amma ta farko ba ta da ƙarfi, domin cinkoson nan da hayaniyarsa su ke jawo gidajen talabijin da ƙwararrun matasan 'yan wasa. Shi ya sa Duke ta zaɓi gyara kaɗan-kaɗan, har na'urar sanyaya ɗaki ma sai a 2002 aka saka.