Daga Bayan Gida zuwa Ƙarƙashin Bene: Taƙaitaccen Tarihin Makewayi a Gidan Bahaushe

Gabatarwa

A damunar bara Goggo ta zo jinyar gwiwa gidana da ke Hammadu Kafi, a garin Gombe. Gidan mai bene ne, kuma duk makewayansa a sama suke, kowanne a cikin ɗakin kwana. Kwana uku tana hawa da sauka ba ta ce uffan ba. A na huɗu muka lura ta rage shan ruwa don kada buƙata ta kama ta. Da na yi mata magana sai ta ce, "Ɗan nan, kun gina gida kun manta da baƙo." Wannan magana ita ta sa na kira magini ya fitar da ban-ɗaki a ƙarƙashin matakala, ita ce kuma ta haifar da wannan maƙala, wadda za ta bi sawun makewayi a gidan Bahaushe.

Shaidar Harshe

Harshe ya riga ya adana mana tarihin. Bahaushe ba ya kiran wurin kai tsaye. Yakan ce bayan gida, ko ban-ɗaki, wato bayan ɗaki, ko makewayi, wurin da sai an kewaya ake isa. Duk waɗannan sunaye nisa suke nunawa. A ginin gargajiya, mutum kan shiga ta zaure, ya bi ƙofar gida, ya ratsa shigifa, sannan ya isa cikin gida. Salga tana can ƙurya, jikin katanga: rami mai zurfi da aka rufe da azara da ƙasa, aka bar masa ɗan baki da murfi, kuma magini kan kula kada mai tsuguno ya fuskanci alƙibla. Daɗin daɗawa, gidan mai hali kan tanadi wani wurin kewayawa a ƙofar gida saboda baƙi maza da samari, don kada kowa ya keta sirrin iyali. Ashe tun asali makewayi biyu Bahaushe ya sani, na gida da na baƙo.

Zamanin Duba-gari

Da Turawa suka mayar da hedikwatar masarautar Gombe zuwa Doma a 1919, sabon garin ya tashi ƙarƙashin dokokin tsafta na mulkin mallaka. A 1932 aka buɗe makarantar koyon tsafta a Kano, inda aka riƙa horar da ma'aikatan da jama'a suka laƙaba wa suna duba-gari. Sukan leƙa randa da salga, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. A barikoki da gidajen ma'aikata kuwa bokiti ake ajiyewa, wasu bayin Allah su kwashe da dare. Wannan ne karo na farko da hukuma ta sa baki a kan wurin da a da kunya kaɗai ke tafiyar da shi.

Yadda Ya Shigo Ɗaki

Abin da ya hana salga kusantar ɗaki shi ne wari. Maganinsa ya fito ne daga Ingila a 1775, lokacin da wani mai gyaran agogo, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu. Ruwa kan tsaya a cikin lanƙwasar, ya toshe hanyar da wari zai dawo. Da wannan 'yar dabara masai ya sami izinin kwana kusa da gado. Ya iso mana ta gidajen Turawa, ya bazu zuwa na manyan ma'aikata, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963 siminti da bututu suka samu.

Babban sauyi ya zo ne bayan ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi. Ma'aikata suka kwararo, fili ya yi tsada, unguwanni irin su Hammadu Kafi suka cika da sababbin gine-gine. Falo ya maye gurbin zaure, mai hali ya ɗora bene, kowane ɗaki da ban-ɗakinsa. A wannan ƙaura ce makewayin baƙo ya ɓata a gidaje da yawa. Baƙon da buƙata ta kama, ko dai ya ratsa ɗakin matar gida, ko ya ɗauki buta ya nemi jikin katanga.

Abin Lura

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma gyaran yana da sharuɗɗa. Na farko shi ne ruwa. Masai na zamani kan sha lita 6 zuwa 9 a kora ɗaya, wato jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25 ba ta wuce kora uku ko huɗu. Gombe kuwa, duk da ruwan da ake turo mata daga madatsar Dadin Kowa, ba kowace unguwa famfo ke wadatarwa ba. Na biyu shi ne ramin da ƙazantar ke taruwa. Masana lafiya kan ba da shawarar a nisanta shi da rijiya da kimanin mita 30, alhali fili mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa duka bai wuce hakan ba. Wanda ya haƙa ba tare da ya tambayi inda rijiyar maƙwabci take ba, yana iya shayar da shi kwalara. Kakanninmu da suka kai salga ƙurya ba kunya kaɗai suka duba ba.

Kammalawa

A taƙaice, makewayi ya taso daga bayan gida, ya shiga ɗaki, ya hau bene, yanzu kuma yana saukowa. Wanda ya ƙara ban-ɗaki a ƙasa ba sabon abu ya ƙago ba, haƙƙin baƙo da na tsoho da zaure ya sani ya mayar. Ranar da aka gama namu, Goggo ta leƙa, ta tambayi magini ina gabas take. Da ya nuna mata, sai ta gyaɗa kai ta ce a kawo mata ruwa a babban kofi.