Baƙon Da Aka So Kora: Yadda Tsirkiya Ta Haifi Lissafin Einstein

A shekarar 1915 Albert Einstein ya ce ƙarfin da ke janyo mangwaro ƙasa, yake kuma riƙe wata a kan hanyarsa, ba wata ɓoyayyiyar igiya ba ce. Sarari da lokaci ne ke lotsawa a inda abu mai nauyi yake, kamar katifa a ƙarƙashin mai zama. Ranar 29 ga Mayu, 1919, Arthur Eddington ya auna husufin rana a tsibirin Firinsife, ya ga hasken taurari yana karkacewa idan ya gifta ta gefen rana. Magana ta tabbata. Sai dai duk sanda aka haɗa ta da ƙa'idar kwantam, mai mulkin ƙananan ƙwayoyi, lissafi yakan watse, ya ba da adadi marar iyaka.

Bakin zaren ya fito daga inda ba a zata ba. A 1968 Gabriele Veneziano, a cibiyar CERN, ya rubuta wani lissafi kan ƙarfin da ke ɗaure cibiyar ƙwayar zarra. Nambu da Nielsen da Susskind suka gano cewa ƙananan tsirkiyoyi yake siffantawa. Tsirkiyar garaya, kowane kaɗi da sautinsa. A nan kuwa kowane sauti ƙwaya ce. Amma wani sauti ya dami masana: ƙwaya marar nauyi mai juyi biyu, wadda ba ta da gurbi a cibiyar zarra. An yi juyin duniya a kore ta, ta ƙi fita. A 1974 Joël Scherk da John Schwarz, da Tamiaki Yoneya a nasa ɓangaren, suka gane ta: girabiton ce, ƙwayar ƙarfin janyowa kanta.

To, ina lotsawar sarari, alhali a shimfiɗaɗɗen fili aka fara lissafin? Tsirkiya mai siffar zobe idan tana tafiya, sawunta kamar bututu yake. Sharaɗin ƙa'idar shi ne, ko an miƙa ma'aunin da ke jikin bututun ko an tsuke shi, sakamako kada ya canza. Rawar kwantam tana karya wannan sharaɗi, sai fa idan sararin da tsirkiyar ke ratsawa ya lotsa ta wata hanya takamaimiya. Daniel Friedan ya share fagen a 1980, sannan a 1985 shi da Callan da Martinec da Perry suka fito da hanyar ƙarara: lissafin Einstein ne, da ɗan ƙarin gyara a tazara mafi ƙanƙanta. Lotsawar kuwa taron girabiton ne masu kaɗi ɗaya, kamar yadda haske yake taron ƙwayoyinsa.

Har yau babu na'urar da ta hango tsirkiya, kuma ƙa'idar na bukatar fuskoki 10 na sarari da lokaci, mu kuwa 4 muka sani. Duk da haka abin na ratsa ni: ba wanda ya saka lissafin Einstein a ciki da hannunsa. Tsirkiyar ce ta ƙi kaɗawa sai da shi.