Tarihin sufurin jama'a a Haɗejiya

A manyan biranen Turai, sufurin jama'a ya faro ne da keken doki, sannan taragon lantarki mai bin dogo a tsakiyar titi, daga baya kuma bas mai jan wuta daga wayoyin da aka rataya a sama, wadda ba ta buƙatar dogo.

An fara gwada irin wannan bas a birnin Berlin na Jamus a 1882, a Ingila kuwa ta fara ɗaukar fasinja a Leeds da Bradford a 1911.

A Haɗejiya, cikin jihar Jigawa, lamarin ya bi wata hanya dabam. Kogi da gyaɗa su ne suka fi tsara yadda jama'a ke tafiya.

Zamanin fatake da masu fito

Kafin zuwan Turawa, Haɗejiya zango ce a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Borno. Ayari kan taso da jakuna da takarkarai da raƙuma ƙarƙashin jagorancin madugu, a yi kwanaki ana tafe.

Da rani hanya a buɗe take. Amma da zarar kogin Haɗejiya ya kawo, musamman a watannin Agusta da Satumba, sai ruwa ya malale fadamu, ƙauyuka da dama su zama tamkar tsibirai.

A irin wannan lokaci masu fito ne ke riƙe da zirga-zirga. Su ke tsallakar da mutane da dabbobi da hatsi a kwalekwale, kuma sana'ar ta kasance ta gado a gidaje da yawa.

Turawan mulkin mallaka sun ci Haɗejiya da yaƙi a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasa ransa a fafatawar.

Isowar jirgin ƙasa

Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma nan da nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Domin kwaso gyaɗar gabas aka shimfiɗa reshen da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930.

Sai dai dogon bai shiga birnin Haɗejiya ba. Ya bi ta tudu, ya ratsa Malam Madori da Birniwa.

Wannan ya sa Malam Madori ta zama tashar masarautar. Kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa kantuna a can, mai son zuwa Kano daga Haɗejiya kuwa dole ya fara isa can kafin ya hau jirgi.

Manyan motocin da ke kai buhunan gyaɗa bakin tasha su ne suka soma ɗaukar mutane. Fasinja kan zauna bisa kaya ko kan benci a bayan mota, ba lokacin tashi sai sa'ad da mota ta cika.

Motocin haya

Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan ciniki. A daidai lokacin kuma kuɗin man fetur ya ba gwamnati damar shimfiɗa kwalta.

Yayin da harkar jirgin ƙasa ke ja da baya, ƙananan bas-bas da motocin Fijo, waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, suka karɓe hanya.

'Yan kasuwa ne suka mallaki akasarin motocin, ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, ita ke tsara layi da lodi a tasha, tare da 'yan kamasho.

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin samar da bas-bas ga jihohi domin rage raɗaɗin matsin tattalin arziki. Matsin ne kuma ya sa matasa da yawa suka rungumi acaɓa.

Ƙirƙiro jihar Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991 ya ƙara wata sabuwar hanya, domin ma'aikata da masu neman takardu sun koma zuwa Dutse maimakon Kano.

A cikin gari kuwa, babur ne ya cike gurbin da bas ke cikewa a manyan birane, kafin babur mai ƙafa uku, wanda shirin yaƙi da talauci na NAPEP ya yaɗa a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ya shigo.

Kogi bai sauka daga matsayinsa ba

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke gudana. Ciyawar kacala ta toshe rassan kogin da dama, tana hana kwalekwale wucewa, tana kuma karkatar da ruwa zuwa gonaki da hanyoyi.

Ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022 sun yanke hanyoyi a sassan masarautar, har mazauna wasu ƙauyukan Auyo da Guri da Kiri Kasamma suka koma dogaro da masu fito.

Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota matuƙa, abin da ya shafi mai kai kifi kasuwar Haɗejiya, da manomin shinkafa da tattasai, da mai rakiyar mara lafiya asibiti.

Ga mutanen fadama, tambayar da kakanninsu suka riƙa yi idan damina ta yi nisa ita ce dai ake yi har yau: shin hanya na biyuwa, ko kuwa sai an nemi mai fito?