Jan Ruwan Inabin Maskara a Ƙasar Aljeriya

Aljeriya ita ce maƙwabciyar Nijar daga arewa. Kusan dukan mutanenta Musulmi ne, yawancinsu kuwa ba sa shan abin sa maye. Duk da haka, a wajen shekarar 1960 babu ƙasar da ta kai ta fitar da ruwan inabi zuwa waje a duniya duka. Labarin garin Maskara zai nuna wa mai karatu yadda wannan abin mamaki ya faru.

Maskara tana cikin tuddai a yammacin ƙasar, kudu maso gabas da birnin Oran. Rana tana da zafi a can, dare kuma da sanyi, saboda haka 'ya'yan inabi sukan nuna sosai, su yi zaƙi. Ruwan da ake matsewa daga gare su ja ne ƙwarai, har ya kusa zama baƙi. Masu ɗanɗanawa sukan ce yana da nauyi a baki, da ɗan bauri irin na goro, da ƙamshi kamar na busassun 'ya'yan itace da masoro. Akan sha shi da gasasshen rago ko kuskus da naman tunkiya, gama baurin yana yanke maiƙo. Kifi da abinci marar nauyi kuwa, ƙarfinsa yakan danne su.

Tun zamanin Romawa ana noman inabi a Afirka ta Arewa, amma manyan gonaki sun zo ne tare da Faransawa, waɗanda suka ci birnin Aljas a 1830. A kusa da Maskara aka naɗa Amir Abdulƙadir a 1832, ya yaƙe su har 1847 kafin ya miƙa wuya. Bayan haka aka yi ta ƙwace gonakin mutane ana ba baƙi Turawa. Ikkilisiya ma tana cikin wannan tarihi, domin a 1843 aka ba waɗansu 'yan zuhudu babban fili a Sitaweli kusa da Aljas, inda suka dasa kuringar inabi mai yawa.

A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa ya shiga Faransa daga Amurka, ya lalatar da gonakin inabi masu ɗimbin yawa. Manoman da suka yi hasara suka haye teku zuwa Aljeriya. Kafin ƙarshen shekarun 1930 gonakin inabi a ƙasar sun kai wajen hekta 400,000. Akan loda ruwan a jiragen ruwa zuwa Faransa, a gauraya shi da na kudancin ƙasar wanda ba shi da launi ko ƙarfi, sa'an nan a sayar kamar na gida. 'Yan ƙasa su ne masu sassabe da girbi a kan lada kaɗan, sau da yawa a filin da kakanninsu suka shuka alkama da sha'ir.

Da Aljeriya ta sami 'yancin kai a 1962, Turawa kusan miliyan ɗaya suka tashi. Aka bar sabuwar ƙasa da amfanin gona wanda mutanenta ba sa sha, ga shi kuma wani babban kashi na kuɗin da take samu daga waje a kansa yake. Faransa ta rage saye. Tarayyar Sobiyat ta karɓa, amma da araha. Bayan rikicin man fetur da Faransa a 1971, Shugaba Bumadiyan ya sa aka tuge kuringar inabi a wurare da yawa, ma'aikata da dama suka rasa abin yi. Tuddan Maskara suna cikin yankuna 7 da gwamnati ta keɓe a 1970 saboda kyawun inabinsu, shi ya sa sunan bai ɓace ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye haɗarin buguwa ba, kuma ruwan inabi ne Ubangiji ya ɗauka a daren Jibinsa. Amma akwai wani labarin inabi a Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, inda Sarki Ahab ya ƙwace gonar Nabot, Allah kuwa ya aiko Annabi Iliya ya tsauta masa. Wanda ya ji ana yabon ɗanɗanon ruwan inabin Maskara, ya kamata ya tuna da masu filin na fari, da kuma wahalar da ƙasa takan sha idan ta jingina cikinta ga kasuwar mai saye guda ɗaya.