Anime na Nazarin Zuciyar Ɗan Adam: Tarihinsa

Anime suna ne na finafinan zane mai motsi da ake shiryawa a Japan. A cikinsu akwai wani reshe da ba faɗa ko barkwanci ya sa gaba ba. Abin da ya dame shi shi ne halin da mutum ke shiga idan na'ura ta kutsa rayuwarsa: kaɗaici, ruɗewa game da ko shi wane ne, da tambayar abin da ya raba ɗan Adam da abin da ya ƙera. Reshen ya bunƙasa ne daga 1995.

Asali

Tushen yana wurin Osamu Tezuka, wanda ya fara zana labarin Tetsuwan Atomu, wato Astro Boy, a 1952, aka mayar da shi shirin talabijin a 1963. Wani masanin kimiyya ne ɗansa ya rasu, sai ya ƙera butum-butumi mai kamarsa, daga baya ya yi watsi da shi don ba ya girma. A wancan zamani na'ura ce ke neman a karɓe ta a matsayin mutum. A 1988 Katsuhiro Otomo ya fitar da Akira, wanda ya nuna matasan da birnin Tokyo ya yasar, ya kuma tabbatar wa duniya cewa zane ba na yara kaɗai ba ne.

Shekarar 1995

A farkon shekarun 1990 tattalin arzikin Japan ya durƙushe, samun aikin dindindin ya yi wa matasa wuya. Ran 17 ga Janairu 1995 girgizar ƙasa ta kashe mutum sama da 6,000 a yankin Kobe. Ran 20 ga Maris ƙungiyar Aum Shinrikyo ta saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Cikin wannan zullumi manyan ayyuka biyu suka fito.

Na farko shi ne Neon Genesis Evangelion na Hideaki Anno, mai kashi 26, wanda aka fara nunawa a Oktoba. A zahiri labarin yara ne masu tuƙa manyan na'urorin yaƙi, amma ainihin yaƙin yana zuciyar Shinji, ɗan shekara 14 da mahaifinsa ya guje shi, yana son mutane yana kuma tsoronsu. Kashi biyun ƙarshe sun bar fagen daga gaba ɗaya sun koma cikin tunaninsa, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce har aka yi wani fim a 1997 da wani ƙarshe daban.

Na biyu shi ne Ghost in the Shell na Mamoru Oshii, wanda ya fito a Nuwamba. Jarumar, Motoko Kusanagi, jami'ar tsaro ce da kusan duk jikinta ƙira ne. Tana farautar wani mai kutse da ke dasa wa mutane tunanin ƙarya a ƙwaƙwalwa, har ta fara shakkar nata tunanin. Tambayar Tezuka ta juye ke nan: yanzu mutum ne ke neman shaidar cewa shi ba na'ura ba ne. Masu shirya The Matrix na 1999 sun amsa cewa fim ɗin ya yi musu tasiri.

Zuwan intanet

A Perfect Blue na Satoshi Kon, 1997, wata mawaƙiya mai suna Mima ta tarar da shafin intanet da wani ke rubutawa da sunanta, har ta kasa bambance kanta da hoton da masoya suka gina mata. Serial Experiments Lain na 1998, mai kashi 13, wanda Ryutaro Nakamura ya ba da umarni, Chiaki Konaka ya rubuta, ya fi zurfafawa. Wata ɗaliba mai kunya mai suna Lain ta sami saƙon imel daga 'yar makarantarsu da ta riga ta mutu. Tana bin sawun saƙon, sai ta iske akwai wata Lain a intanet mai halin da ba nata ba. An yi wannan shekara shida kafin a kafa Facebook.

A shekarar 1998 ɗin ce kuma likitan ƙwaƙwalwa Tamaki Saito ya wallafa littafi kan hikikomori, masu kulle kansu a ɗaki wata shida ko fiye. Shirin Welcome to the N.H.K. na 2006 ya ɗauki irin wannan matashi ya yi jarumi da shi. Ƙiyasin gwamnatin Japan na 2023 ya kai adadinsu wajen miliyan 1.46.

Daga baya

Kon ya fitar da Paprika a 2006, kan na'urar shiga mafarkin mutane, ya rasu a 2010 yana da shekara 46. Psycho-Pass na 2012 ya kai batun ga hukuma: kwamfuta ce ke auna zuciyar kowa, ta yanke wa mutum hukunci tun bai aikata laifi ba.

A ƙasar Hausa

Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne ga Hausawa. A 1969 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da wani baƙo ya zagaya da shi sararin samaniya. Anime kuwa ta waya ya fi isowa ga matasa, kuma na faɗa irin su Naruto aka fi sani. Masu fassara finafinai zuwa Hausa sun fi karkata ga na Indiya, don haka mai son wannan reshe yakan dogara ne da fassarar Turanci da ake rubutawa a ƙasan hoto.